Tabkin da Aulis Ya Rina

Aulis Kettunen bai san wata sana'a ba sai haƙa lambatu. Tun yana saurayi ya shiga fadamun gabashin Finland da shebur, daga baya da motar haƙa, yana tsattsage su don ruwa ya tsane, itatuwan katako su samu wurin tsayawa. Har takardar yabo aka ba shi. Ba wanda ya tambayi inda ruwan yake zuwa, shi ma gogan bai tambaya ba, alhali cikin tabkin bayan gidansa ruwan yake gangarawa, ɗauke da ruɓaɓɓiyar ƙasar fadama.

Farkon aurensu da Hilkka, in tana iyo, yakan hango tafin ƙafarta daga kan dandamalin katako na bakin tabkin. Bayan shekara hamsin tabkin ya koma kamar gahawa. Masana sun ce ruwan sama ya ƙaru, dazuka sun yi kauri, ba laifin lambatu kaɗai ba ne. Aulis ya ji, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai Hilkka ta fara mantuwa. Takan manta sunan 'yarsu, amma ba ta manta iyon safe ba. Shi kuwa, duk rayuwarsa cikin taɓo, bai iya iyo ba. Kullum ta nufi tabkin sai gabansa ya faɗi.

"Tsohuwa, yau dai ki haƙura mana."

"Ji matsoraci. Ni da na girma cikin ruwan nan? Riƙe min tawul."

Ran nan ta nutsa, ba ta ɗago ba. Ya durƙusa ya leƙa, bai ga komai ba sai fuskarsa. Ya cusa hannu, ko yatsunsa bai gani ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya faɗa ciki, ruwa har wuya, yana lalube da ƙafa cikin laka, har ya taɓa kafaɗarta. Da gashi ya jawo ta gaɓa.

Ta yi ta tari. Da ta samu numfashi, ta ƙura wa ruwan ido.

"Aulis, wannan ba tabkinmu ba ne. Wa ya yi mana wannan aika-aika?"

Ya lulluɓa mata tawul. Ya san kafin gobe ta manta, kuma da safe za ta sake miƙa masa tawul.