Lambar da Ke Gefen Dama

An haifi Lindsay Pethick a shekarar 1914, a wata gonar alkama da ke bayan garin Kurrabin. Malamin firamare ne lokacin da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sai ya ajiye alli ya shiga sojan ƙasa. Ya yi yaƙi a hamadar Libiya, daga bisani aka tura shi tsaunukan tsibirin Niugini da muƙamin laftana, mutum talatin a ƙarƙashinsa. Daga can ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu, da kuma lambar jarumta ta azurfa.

Ya koma aji, har ya zama hedimasta. Waɗanda suka zaɓe shi ba su ɓoye cewa lambar ta yi masa rana ba.

Kowace shekara, ranar ashirin da biyar ga Afrilu, tsofaffin sojoji sukan yi maci zuwa dutsen tunawa da mamata. Kowa ya san ƙa'ida: lambar da mutum ya samu da kansa a ƙirjin hagu take zama, ta ɗan'uwan da ya rasu kuwa a dama. Lindsay yakan jera lambobinsa a hagu, amma ta azurfar kullum a dama yake maƙala ta.

"Hedimasta," in ji Merv Tolhurst, mahaucin garin, wanda suka yi hamada tare, "shekara talatin kana koyar da 'ya'yan mutane, har yau ba ka rarrabe hagu da dama ba?"

"Na san dama, Merv. Da ita kake danne sikeli."

A yi dariya, magana ta wuce. Shi kaɗai ya san dalili, ya kuma san cewa ranar da ya faɗa, ginshiƙin girmansa a garin ne zai girgiza.

A shekarar 1974 aka kawo wata sabuwar nas garin, Noelene Dunstall. Da safiyar maci ta shigo layi da lambobin mahaifinta a ƙirjin dama. Ta ga dattijon, ta miƙa hannu cikin ladabi.

"Baba, bari in gyara maka. Ka sa ta a gefen mamata."

Ya riƙe hannunta, don ya riga ya ji sunanta a gari. "Wane Dunstall ne mahaifinki?"

"Clarrie. Saja ne, na ji an ce sau biyu ana cire masa igiya. Mahaifiyata ta ce ban yi asarar komai ba, giya da caca kawai ya iya."

Masu ganga sun fara gwada sanduna. Merv da sauran suna tsaye kusa, kunnuwansu a buɗe. Lindsay zai iya cewa ya san shi sama-sama, su wuce. Bai yi haka ba.

"Giya da caca ya iya, wannan gaskiya ne. Saurari sauran. An umarce mu mu karɓi wani tudu da bindiga mai ruwa ke tsare da shi. Ban yi taku ashirin ba harsashi ya kayar da ni. Mahaifinki ya ja ni bayan itace, ya ce, 'Zauna nan, malam, ka duba mana jarrabawa.' Shi ya hau da mutum shida, shi ya kashe bakin bindigar, a kanta aka tarar da gawarsa. Wanda ya rubuta rahoto sunana ya sa, tunda ni ne hafsa, ina kwance asibiti. Na rubuta takarda ɗaya ta gyara, ba a amsa ba. Ban rubuta ta biyu ba, domin lambar ta fara yi mini amfani."

Lindsay ya zare lambar azurfar daga rigarsa, ya maƙala ta a ƙirjin Noelene na dama, kusa da sauran.

"Me ya sa sai yau?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tsoro, 'yata."

Merv ya gyara hularsa. "To, Hedimasta," ya ce, "ashe ka san dama. Shiga layi, ƙafarka ce ke jan mu baya kullum."

Noelene ba ta koma sahun iyalai ba. Ta saƙala hannunta a nasa, ta rage saurinta daidai da ɗingishinsa, har gaban dutsen.