Hannuna da Aska

Na daɗe ina aski a zangon Sokodé kafin hannuna ya fara ba ni tsoro. Wata Alhamis ina gyara wa wani dillalin shanu gemu, aska na kan maƙogwaronsa, sai hannun ya fizge baya da kansa. Ban sa shi ba. Na ƙarasa askin a hankali.

Rawar hannu ce ta raba mahaifina da sana'ar nan. Na ga yadda mutane suka daina zama a tabarmarsa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya faɗa masa dalili. Cikin wata guda abin ya same ni sau uku. Kullum kafin in buɗe shago sai na miƙa yatsuna na zuba musu ido. Matata ta tambaya, na ce ciwon kai ne.

Ban iya zuwa asibiti a Sokodé ba, rabin masu jiran layi ni nake musu aski. Na hau mota zuwa Dapaong wajen yayata, na ce gaisuwa na zo. Da ta matsa min na faɗa mata, ita ta kai ni wurin wata likita.

Likitar ta sa na miƙa hannu, na taɓa hancina, na ja layi a takarda. Sannan ta tambaye ni abin da ya biyo bayan kowace fizga. Na yi tunani. Dillalin atishawa ya yi. Mutum na biyu da nake wa aski ya waiwaya don an kira shi. Na ukun ban tuna ba.

"Malam, hannunka lafiya lau," in ji ta.

Ta bayyana min cewa saƙon ido ba hanya ɗaya yake bi a ƙwaƙwalwa ba. Akwai wadda ke sa mutum ya san ya gani, akwai wata mai sauri da ke kama motsi, jiki ya kauce tun mutum bai ankara ba. Kowane mai lafiya yana da su.

Na ce na ukun fa? Ta ce ba ta sani ba, in na ga hannun yana rawa ina zaune, in dawo.

Washegari na koma gida. Wanda ya fara zama min wani tsoho ne daga Pagala, mai son a aske masa kai tas. Na daɗe ina wasa askar, har ya ce ko ya je ya dawo.

"A'a baba, zauna," na ce, na jiƙa masa kai.