Na Taka, Ba Mai Ja

Jiya ina tuƙa motar ɗana, irin ta zamani marar kuloci. Muna hawa kwalta ƙafata ta hagu ta taka wayam, bakina ya ce, "Na taka!"

Ɗana ya ce, "Baba, kai da wa?"

Na ce, "Ni da Sande."

Zamanin Shagari ni ne direban jif ɗin malaman gona. Tana da wata ƙaramar sanda gefen giya, ta ƙarin gudu, ba a jan ta sai an taka kuloci. Sande malamin gona ne, ɗan kudu haifaffen Funtuwa, kujerar gaba tasa ce. In muka baro burjin Gozaki muka hau kwaltar Malumfashi, ni in taka kuloci in ce "Na taka!", shi ya ja sandar.

Da mahaifinsa ya rasu, ya koma kudu. Ranar da na fara fita ni kaɗai, na taka na ce "Na taka!", ina jira a ja. Haka motar ta yi ta gangarawa har ta tsaya.

Ban sake jin labarinsa ba.

Ku fa, wa kuke yi wa magana har yau alhali kujerarsa wayam?