Hayaƙin da Na Ɗora wa Laifi

Ni tela ne, kuma ina da saurin fushi, kowa a unguwarmu a Bagudo ya san wannan. Shekarun baya ciwon kai ya sa ni gaba. Da farko jefi-jefi yake zuwa, ɓarin kai ɗaya ya ɗauka, in sha ƙwaya ya lafa. Duk sanda na hau babur na tsallaka Benin sarin atamfa, sai in haɗo da wani magani mai rubutun Faransanci a kwalinsa. Ko kalma ɗaya ban iya karantawa, amma tunda yana aiki, me ya dame ni? Kafin shekara ta zagayo na koma shansa kullum, biyu da safe tun ciwon bai zo ba, biyu bayan azahar. Kan kuma bai fasa ba, sai ma ya zama da ciwon nake tashi daga barci.

Bayan katangar shagona akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, da bandar kifi take riƙe kanta. Ana kawo mata ɗanye daga kogi, ta kyafe ta sayar. A wurin na zo na same ta. Amma da ciwo ya ishe ni sai na ce hayaƙinta ne. Na faɗa a majalisa, na faɗa wa duk wanda ya kawo ɗinki. Ƙarshe na kai ƙara wurin mai unguwa, har da dafe kai da lumshe ido don a ga irin wahalar da nake sha.

Tsohuwar ba ta yi musu ba. Cewa kawai ta yi, "In hayaƙina ad da laihi, ɗana, sai in bari." Cikin mako guda ta rushe murhunta, ta koma wurin 'yarta a Kaoje.

Hayaƙi ya tafi, ciwon kai yana nan daram. Wata biyu ina ɓoyewa, in an tambaye ni in ce da sauƙi, don kada a tuna mini bakina. Matata ce ta gaji, ta kwashe fankon kwalayen da ke ƙarƙashin keken ɗinkina ta zuba a leda, ta tisa ni gaba zuwa asibiti.

Likitan ya juya kwali ɗaya, ya tambaye ni kwana nawa nake sha a wata. Na ce duka. Ya ce to maganin ne ya koma yana kawo ciwon: da ya sake ni sai kan nawa ya nemi wani, in ƙara, haka muke ta zagaye. Na tambaye shi ko hayaƙi yana iya jawo haka. Ya ce yana iya tayar da shi wani lokaci, amma nawa ba shi ba ne. Kunya ta rufe ni, har na kasa ɗaga ido.

Ya sa na bar maganin gaba ɗaya, ya gargaɗe ni cewa zai tsananta kafin ya sauka. Haka kuwa aka yi. Kwana goma ina amai, ina kwance a ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ina shan ruwa, matata tana yi mini alama a kalanda duk ranar da na tsallake. A mako na uku na tashi da safe na ji kaina wasai.

Bayan damina na hau babur zuwa Kaoje, na shirya maganata tsaf tun daga gida. Na same ta zaune a tabarma tana tsince shinkafar 'yarta, ta rame, hannunta ba sana'a. Tun ban gama gaisuwa ba ta ce, "Ɗana, ina kan naka? Ya sauka?"

Na ce, "Ya sauka, Inna."

Fuskarta ta washe. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi! Ashe tashin da niy yi bai zan banza ba. Kullum ina roƙon Allah shi yahe mani cutar da niy yi maka."

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa mata gaskiya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Amin, Inna."