Bututun da Na Ƙi Bari a Toshe

Gidanmu na gado a Roni yana kan gangaren dutse ne. Maƙwabcinmu na ƙasa, wani dattijo makiyayi da ya zauna ya kama noma, rufin ɗakunansa bai wuce daben tsakar gidanmu ba. Katanga ce tsakaninmu, ita ke tare ƙasar da aka cike gidanmu da ita. Da ta fara karkata, Baffa, yayan mahaifina kuma mai gidan tun bayan rasuwarsa, ya aika Kazaure aka kira ni, tunda ni na karanta aikin injiniya.

Na sa aka gina sabuwa da kankare da rodi, aka zuba tsakuwa a bayanta, aka jera gajerun bututu a gindinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar da aka tara tana tura duk abin da ya tare ta ta gefe, kuma turin ya fi tsanani a gindi. Idan ta sha ruwan marka ta rasa mafita, nauyin ruwan sai ya haɗu da nata, su taru a kan katanga.

Da damina ta zauna, bututun suka soma tsiyaya cikin gidan maƙwabci. Dattijon bai ce uffan ba, kuma wannan shirun ne ya fi ƙona ran Baffa. Ya sa aka cusa tsumma a bakin kowane bututu aka shafe da siminti.

Na same shi a zaure na durƙusa na gaishe shi.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake kirana idan ransa ya ɓaci, "a wace jami'a ake koyar da zuba wa maƙwabci ruwa? Mu ko indararo ba ma juya wa gidan mutum, balle ramuka a jere kamar na gafiya."

"Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya, ruwan nan in bai fita ta can ba, da katangar zai fita."

"Ashe har zuciyar ruwa aka karanta muku."

"Jikokin maƙwabcin namu a gindinta suke kwana."

"Allah ke tsare su, ba bututunka ba. In ka taɓa simintin nan, kada ka ƙara tako mini gida."

Ban taɓa musa wa Baffa magana ba kafin ranar. Na sha tambayar kaina ko girman kai na ilimi ne ya motsa ni, domin haƙƙin maƙwabtaka da yake karewa gaskiya ne, a kansa aka raine mu. Sai dai na auna na ga cewa dausayi a tsakar gida abin haƙuri ne, katanga a kan yara kuwa ba a ba da haƙurinta.

Na zagaya ta ƙasa na yi sallama a gidan dattijon. Na roƙe shi izinin yin kwata ta siminti a gindin katangar, wadda za ta kai ruwan waje. Ya ce, "Ɗana, kai da Baffanka kun fi kusa, amma ga wuri nan." Na sa guduma da guntun rodi na fasa toshin ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ja ya feso ya jiƙa mini riga har ƙirji.

Katangar ba ta faɗi ba, don haka ba ni da shaidar da zan nuna wa kowa; Baffa yana cewa da ma ba za ta faɗi ba. A masallaci yana amsa gaisuwata a taƙaice, amma bai janye maganarsa ba, ni ma ban nemi ya janye ba. Duk shekara, hadari na fara haɗuwa a gabas, nakan ɗauko rodina daga Kazaure, in wuce ƙofar gidan da aka haife ni, in shiga ta gidan maƙwabci in zura shi cikin bututun don kada su toshe.