Muna Jin Ka

A aikin rediyo murya aka sani, ba a damu da fuska ba. Shekarun da na yi ina aika rahoto daga Gumel da kewayenta, ko tumatir na tsaya saye sai asirina ya tonu. Da na buɗe baki na tambayi kuɗin kashi, sai mai tumatir ya ɗago kai ya ce, "Af, kai ne? Wallahi muna jin ka." Haka a Gagarawa, haka a tashar Sule Tankarkar. Ba zan ɓoye ba, kaina kan kumbura. Har wata kaurara murya nake yi wajen ciniki don a yi saurin gane ni.

A wancan lokacin, da ƙafa ake aikin. Idan aka ce an gina asibiti a ƙauye kaza, sai ka hau babur ka je ka duba ko yana da rufi. Editana wani dattijo ne mai gajeren haƙuri, tabarau kullum a kan karan hanci. Tambayarsa ɗaya ce ga duk wanda ya kawo masa labari: "Ka je da kanka?" In ka fara kame-kame, sai ya tura maka takardarka ya ci gaba da shan shayinsa.

Wata bazara aka aiko mini cewa wani tsohon Bafulatani yana nemana a rugarsu, can tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Na je na same shi zaune a gindin aduwa, dogo ne siriri, da ƙaramar rediyo rataye a kafaɗa. Da ya ji ni Bamange ne daga Gumel, dangin Barebari, sai ya fashe da dariya, ya ce ashe bawansa ne yake ta surutu a cikin akwati duk shekarun nan. Na ce masa in dai nono ne abincin iyayengiji, to gara bautar. Da wannan tsokana ta Fulani da Barebari muka saba, ina ce masa Baffa, yana ce mini bawana.

Sai ya tashi ya ce in biyo shi. Ya kai ni burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya tun zamanin kakanninsa. An kafa turakun siminti sun ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, fentinsu ko bushewa bai gama yi ba. An yanka wurin gonaki an raba wa wasu manya, kuma da ruwa ya sauka tarakta za ta shigo. In aka shuka, shanu ba su da hanyar ruwa sai ta cikin amfanin mutane, kowa kuma ya san abin da ke biyo bayan wannan.

Na kunna rakoda. Ya yi magana a nutse, bai zagi kowa ba. Ya lissafa bishiyoyin da ke nuna iyakar burtalin ɗaya bayan ɗaya. Na ji ta bakin manoman ƙauyen, su ma suka ce ba da saninsu aka yi ba. Na samo kwafin takardar rabon, da sunaye da sa hannu. Ban taɓa haɗa rahoton da ya cika kamar wannan ba. Da zan hau babur ya riƙe mini hannu ya tambayi yaushe za a saka. Na bugi ƙirji na ce kafin ruwan farko zai ji muryarsa.

Saura jin ta bakin hukuma. Na je wurin wani mai muƙami da sa hannunsa ke kan takardar. Na zaci za a bar ni a benci har la'asar, sai ga shi an shigar da ni nan take, har da lemo mai sanyi. Ya dubi rakodata ya ce, "Kashe wannan abin mu gaisa tukuna." Na kashe. Ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya ambaci unguwarmu. Ya tambayi matata, ya ambaci makarantar da take koyarwa, ya ce ai ana ƙarancin malamai mata a ƙauyukan bakin iyaka. Maganar burtali ko sau ɗaya bai taɓa ta ba. Ya rako ni har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗata.

"Muna jin ka fa," in ji shi. "Kullum muna jin ka."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Wannan godiyar har yau tana ba ni haushi.

Bayan kwana uku na je gaida mahaifiyata, na tarar da ƙullin goro a gefen tabarmarta. Ta ce wasu baƙi ne suka zo gaishe ta, masu kirki, sun ce ɗanta yana ƙoƙari. Sannan ta ce, "Ni ban san me ka taɓo ba. Amma mutumin da ban taɓa gani ba ya san ranar da nake zuwa asibiti awon jini." Ba ta ce in bari ba. Da ta ce, da na sami wanda zan ɗora wa laifin.

Na daɗe ina ba da wannan labari a gurguje, ina cewa an hana mu sakawa. Ƙarya ce, ba wanda ya hana. Na kai wa edita kaset ɗin, ya saurara daga farko har ƙarshe, shayinsa ya huce bai sha ba. Ya ce an kira shi sau biyu, an tuna masa cewa tallace-tallacen gwamnati ne ke riƙe da gidan rediyon. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Amma aiki ya yi. In ka ce a saka, gobe da safe zan saka, in kora ce a kore mu tare. Me ka ce?"

Na ce, "A bari tukuna, in ƙara bincike."

Babu abin da ya rage a bincika, ni na sani, shi ma ya sani. Ya mayar da tabaransa, ya miƙo mini kaset ɗin ba tare da ya dube ni ba. Sati biyu bayan haka aka yi ruwan shuka.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne tukuna ta farko ce kawai mai wuya. Ta biyu ko gumi ban yi ba. Aka zo da maganar taki da ya ɓace a hanya, na ce tukuna. Aka zo da ta rijiyar da aka ƙaddamar ba ruwa, na ce tukuna. Ba ni kaɗai ba, kusan dukanmu haka muka koma, ba tare da an ɗaure ko mutum ɗaya a cikinmu ba. Edita ya yi ritaya, tambayarsa ta tafi tare da shi. Yanzu sanarwa ce ke shigowa ta waya a rubuce tsaf, har da inda za ka ja numfashi, kai dai ka karanta. Babur ɗina ma na sayar, don ba inda nake zuwa sai taron manema labarai. Matata ba a canza mata makaranta ba, mahaifiyata ta rasu a ɗakinta cikin kwanciyar hankali. Ina faɗa wa kaina wannan duk lokacin da abin ya taso mini, wani lokaci yana yi mini magani.

Hanyar rugar nan kuwa ban sake bi ba. Labari ya zo mini cewa an yi rigima a lokacin kaka, shanu sun shiga gero, an kai wasu samari kotu, daga baya rugar ta tashi ta tsallaka Nijar.

Bara, wata Alhamis, na shiga kasuwar Maigatari neman ragon suna. Ina cikin taya wani, sai na ji an ce daga bayana, "Wannan muryar na san ta." Na juya. Baffa ne, ya rankwafa, idonsa ɗaya ya yi fari, rediyo tana nan a kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi. Na jira ya ce bawana, bai ce ba. Malam ya kira ni.

Ya ce suna can wajen Damagaram, shanun da suka rage ba su da yawa, amma alhamdu lillahi. Ya ce tasharmu tana kamawa har can. "Muna jin ka," in ji shi. "Waccan shekarar yaranmu sun so su tafi birni su kai ƙara tun kafin shuka, ni na hana su. Na ce su zauna, magana tana hannun ɗan rediyo, ya yi mini alkawari. Safe da yamma ina kunnawa, har gero ya kai gwiwa."

Ya gyara igiyar rediyon, ya kau da kai wajen raguna, irin kawaicin nan nasu.

"Ko dai ranar da aka saka ne batirina ya mutu, Malam?"

Ya san amsar. Hanya ya buɗe mini in wuce ba tare da na ji kunya ba, kuma dama ce ya ba ni in faɗi gaskiya sau ɗaya, a gabansa, ba rakoda, ba mai muƙami, ba wanda zai kai wa kowa goro. Kaset ɗin yana nan a akwatina a Gumel har gobe.

Na ce, "Wataƙila, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya raya abin da aka haifa, ya juya ya shige cikin kasuwa.