Tazargaden Bayan Shinge

Shekarar da guguwa ta yaye rufin gidaje a East Greensboro ne, tun cutar nan ba ta rufe masallatai ba, ƴata ta ɗauko ni daga Kumasi. Ni da a zango ba a jiƙa magani sai an tambaye ni, sai ga ni a gidan da ba mai tambayata komai. Ciwon kai asibiti, tari asibiti. In zauna, in tashi, in leƙa titi, motoci kawai.

Ran nan ina shanya, hancina ya kamo ƙanshin tazargade. Na bi shi har shinge. Wata tsohuwa ƴar Sin, maƙwabciyarmu, tana durƙushe cikin shukarta. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Na nuna goshi, na yi rawar sanyi. Ta yi dariya ta tsinko min dami.

Lokacin surukina na fama da mura. Na ce yau za a san wace ce ni. Na zuba ganyen a tukunyar shinkafa, na yi ta ba shi wuta har ruwan ya yi baƙi, yadda uwata take yi.

Warin ne ya kawo tsohuwar. Ta buɗe tukunya, ta girgiza kai, ta juye min a gaban ƴata. Ɗanta da ya biyo ta ya fassara, wai a wurinsu ba a tafasa shi, wuta na cinye ƙarfinsa. Jiƙawa ake yi, a matse a ƙyalle.

Ƴata ta ce, “Mama, ashe ke ma akwai malamarki.”

Na ce, “Tun ba a haife ki ba nake dafa shi.”

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya. In na koma, na sunkuya wa baƙuwa. In ban koma ba, ba ganye, ba mai sake tambayata. Rana ta huɗu na ɗauki ƙyallena na tsaya a shinge. Ta matso min da kujera.

Yanzu matan zango na garin nan ni suke bugo wa waya. Jiƙawa nake cewa, ba na faɗin inda na samo.

Tsohuwar ta rasu bara. Ɗanta na nan, ya bar min shukar. Ƴata na nan, a gidanmu ita kaɗai ta ga an juye tukunyar, kuma har yau tana tuna min.